In baƙon ɓargo ya juya wa mai gida, ina yaron Gaya za shi?

Duk wanda ke cikin guruf ɗin WhatsApp na unguwa ko na tsofaffin ɗalibai ya san irin saƙon nan. Hoton yaro a kwance, idanu sun yi ɗorawa, robar ƙarin ruwa a hannu. A ƙasa an rubuta: emasi ce, likitoci sun ce sai dashen ɓargo a Indiya, ana neman miliyan kaza, ga lambar turo kuɗi. Mu kuwa, alhamdulillahi, ba a san mu da rowa ba. Ɗan kabu-kabu ya sa jika ɗaya, ƴar kasuwa ta sa biyu, ɗan uwa da ke Kwatano ko Lome ya turo nasa, wani Alhaji ya cike giɓin. Ranar tashi a ɗora hoton filin jirgi, ranar dashe a rubuto "an yi nasara", mu zuba addu'a, mu wuce zuwa saƙo na gaba.

To a nan nake so mu ɗan dakata. Ranar da mu muke cewa an gama, likitocin dashe rana ta sifiri suke kiran ta. Daga ita suke fara ƙirga: kwana 1, kwana 30, kwana 100, shekara guda. Mu mun tara kuɗin kai yaro bakin kogi, amma ba mu tambayi kuɗin fito ba.

Ɓargo shi ne masana'antar jini. Mai emasi, wadda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira sikila ko amosanin jini, masana'antarsa ce ke fitar da jajayen ƙwayoyi masu lanƙwasa kamar lauje, suna toshe ƙananan jijiyoyi. A dashe, ana ba yaro magunguna masu ƙarfi su share nasa ɓargon, sannan a ɗura masa na wani ta jijiya, kamar ƙarin jini. An fara ba da rahoton warkar da emasi ta wannan hanya a Amurka a 1984. Wani babban bincike da aka buga a 2017 ya bi mutum 1000 da aka yi wa dashe da ɓargon ɗan uwansu na ciki ɗaya wanda jininsu ya dace, ya sami fiye da 90 cikin 100 suna raye bayan shekara biyar, galibinsu sun rabu da cutar. Saboda haka kada wani ya ɗauka ina kushe dashe. Magani ne na gaske. Sai dai a cikin wannan binciken dai, kimanin ɗaya cikin bakwai ya gamu da wani ciwo wanda ko sunansa ba ya fitowa a saƙonnin neman taimako.

A dashen ƙoda, jikin mai karɓa ne ke ƙin baƙuwar ƙodar. A dashen ɓargo abin juyawa yake yi. Sabon ɓargon yana zuwa da nasa sojojin, wato fararen ƙwayoyin jini masu tsaron jiki. Su waɗannan sojoji a gidan wani aka horar da su. In sun duba suka ga fatar yaron da hanjinsa da hantarsa ba irin na gidansu ba ne, sai su ɗauke su abokan gaba, su buɗe wuta. Likitoci masu Turancin Ingilishi na ce masa GVHD, namu masu Faransanci na cewa GVH. Da Hausa, ni dai ina ce masa ciwon baƙo da mai gida. Mun saba cewa baƙo raɓa ne. Wannan baƙon zama ya zo yi, kuma da makami ya shigo.

In ya zo da wuri, cikin watannin farko, yakan fara da ƙuraje ja a tafin hannu da tafin ƙafa da wuya, sai zawo kamar an buɗe famfo, wani lokaci da jini, sai shawara. In ya zo a makare, shi ne mai naci: fata ta yi tauri ta ɗame har gwiwa ko gwiwar hannu ta ƙi miƙewa, ido ya bushe ba hawaye, baki ya yi gyambo yaro ya kasa cin tuwo, huhu ya ƙuntata. Wannan na iya bayyana bayan an sallamo yaro, ya dawo gida, an yi walima, an rufe asusun taimako. Idan mai ba da ɓargon bare ne, haɗarin ya fi haka yawa. Ga kuma abin da ya fi ɓata mini rai: ga mai sankarar jini, ɗan wannan faɗan yana da amfani, domin sojojin baƙon suna kashe ragowar sankarar. Ga mai emasi babu ribar komai a ciki. An musanya masa ciwon da aka haife shi da shi da wani wanda aka sayo masa da miliyoyi.

Maganin farko kortizon ne, irin su predinizolon, mai yawa kuma na tsawon lokaci. Kusan rabin waɗanda ciwon ya kama sosai ba sa samun sauƙin da ake so da shi kaɗai. Ko ya yi aiki ma, ga yaro yana da tsada ta wata fuskar: fuska ta kumbura, tsawo ya tsaya, sukari da hawan jini su leƙo, ƙashin ƙugu da emasi ta riga ta ci ya ƙara lalacewa. Sama da duka, yana kwantar da garkuwar jiki gaba ɗaya. Ku ɗauki yaron da aka kwantar wa garkuwa, wanda da ma emasi ta kassara masa saifa, ku sauke shi a Gaya tsakiyar damina. Yankinmu ne ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, ga kogi, ga fadamun shinkafa, ga sauro da ba ya hutu. Zazzaɓin da ɗan maƙwabci zai sha magani kwana uku ya miƙe, shi yana iya tafiya da shi. Akwai sabuwar ƙwaya, ruksolitinib, da Amurka ta amince da ita a 2019 don mai zuwa da wuri, a 2021 kuma don mai naci, amma tana da tsada, kuma ita ma tana rage jini tana buɗe ƙofa ga cututtuka.

A nan ne maganin haske ya shigo. Sunansa fotoferez, mu ce haska jini. Kada a haɗa shi da wankin jini na masu ciwon ƙoda, kowane da aikinsa. Ana jona yaro da na'ura ta jijiya. Na'urar ta ja jini, ta juya shi da sauri har ya rabu, ta ware fararen ƙwayoyin a cikin jaka, ta mayar masa da sauran. A zuba wa fararen wani magani mai suna metoksalen, wanda barci yake yi sai haske ya taɓa shi. Sai a haska su da hasken UVA, wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani. Maganin ya farka, ya ɗaure ƙwayar halittar da ke cikinsu, a mayar da su jikin yaron suna kan hanyar mutuwa. Zama ɗaya yana cin awa biyu zuwa huɗu.

Abin mamakin shi ne ɗan kaɗan ake taɓawa, kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na fararen ƙwayoyin da ke yawo a jini. Ba kashe sojojin baƙon ake yi ba, don da haka ne da sai an kashe su duka. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne, idan jiki ya tsinci waɗannan ƙwayoyi suna mutuwa a natse, yakan ɗauki abin a matsayin saƙon sulhu, ya ƙara yawan wasu ƙwayoyi masu raba faɗa. Wato kortizon kwance wa kowa ɗamara yake yi, har da mai gadin ƙofa. Haske kuwa zaman sasantawa yake kira tsakanin baƙo da mai gida, ya bar mai gadi da sandarsa. Shi ya sa ake son sa ga yara: yana ba likita damar rage kortizon ba tare da ya bar yaro a buɗe ga kowace cuta ba.

Bari in ɗan ratse, don wannan ya kamata mu sani. Likitan fata Richard Edelson da abokan aikinsa ne suka bayyana wannan hanya a Amurka a 1987, don wata sankara ta fata, aka amince da ita a 1988, daga baya aka gwada ta a kan masu dashe. Amma shi maganin da ake zubawa ɗan Afirka ne. Mutanen Masar sun daɗe suna amfani da wani tsiro na bakin kogin Nilu, su sha ko su shafa su zauna a rana, don ciwon da ke sa fata ta yi farare-farare. Masana a Alƙahira ne suka tace sinadarin daga tsiron a ƙarshen shekarun 1940. Tsiro namu, rana tamu, amma na'urar da kayan aikinta sai an yi odar su daga ƙetaren teku.

Ban zo tallar na'ura ba, don haka ga ɗaya gefen. Masu tace binciken likitanci na Cochrane sun duba a 2014, sun sake dubawa a 2022, ba su sami ko gwaji ɗaya a kan yara ba irin wanda ake raba marasa lafiya gida biyu ta ƙuri'a a kwatanta. Abin da ke akwai rahotanni ne daga cibiyoyin dashe, masu nuna yara da yawa sun samu sauƙi, musamman a fata da baki, an kuma rage musu kortizon. Ba kowa yake yi wa aiki ba, kuma ba ya aiki da gaggawa. Ana farawa da zama biyu ko uku a mako, a riƙa ragewa, a shafe watanni. Wanda ya ce muku sau ɗaya ake yi a warke, ku riƙe aljihunku.

Yaro kuma ya fi babba wahalar yi. Ɗan kilo 15 jininsa duka bai wuce lita 1 da ɗan ɗori ba. Abin da za a iya fitarwa waje a lokaci guda ba tare da ya galabaita ba bai kai rabin ledar piya wata ba, ita kuwa na'ura sai ta cika bututunta kafin ta fara aiki. Don haka ga ƙananan yara sai an fara cika na'urar da jinin wani, wanda aka gwada aka tabbatar ya dace. Jijiyoyin hannunsu ƙanana ne, sau da yawa sai an dasa roba a babbar jijiyar ƙirji, ita ma ƙofa ce ta ƙwayoyin cuta in ba a kula da tsabtarta ba. Likitoci a Jamus sun fito da wata ƙaramar hanya, a ɗebi jini kaɗan a haska a ɗakin gwaji a mayar, don jarirai da waɗanda ba za su jure na'ura ba. Bayan kowane zama kuma, yaro zai yi awa 24 da baƙin tabarau, yana gudun rana. Ku yi tunanin hana ɗan shekara shida fita rana a Gaya cikin watan Afrilu.

Yanzu mu shimfiɗa wannan a kan taswirarmu. Daga Gaya zuwa Dosso kimanin kilomita 150 ne, daga Dosso zuwa Yamai kusan 140. A Yamai ne cibiyar ƙasa ta masu emasi take. Malanbil tana ƙetaren gada, Kamba tana nan kusa, daga can sai Birnin Kebbi da Sakkwato. A takarda, babu garin da ya fi mu sa'a, ƙasa uku a bakin ƙofa. Amma mun ga abin da ya faru bayan 26 ga Yuli 2023: CEDEAO ta sa takunkumi, aka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu a watan Agusta, manyan motoci suka yi layi a Malanbil, har da masu ɗauke da magani. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, iyakar Najeriya ta buɗe a Maris, amma gadarmu ta ci gaba da zama a rufe, mutane suna ƙetarawa a kwale-kwale. Kowa da ra'ayinsa a kan wa ke da laifi, ba shi na zo yi ba. Tambayata ita ce: maganin da ke son wuta marar yankewa, da jini a ajiye, da kayan aiki sababbi fil a kowane zama, da zuwa sau biyu a mako, yaya zai rayu a hanyar da takarda ɗaya daga Abuja ko Yamai ko Kwatano ke iya toshewa cikin dare?

Shi ya sa ba zan ce a sayo wa likitar Gaya wannan na'ura ba. In wani ɗan siyasa ya yi muku wannan alkawari, ku yi masa dariya. Mun san yadda ake yi: a yanka kyalle, a ɗauki hoto, kayan aikin da suka zo da ita su ƙare cikin wata biyu, a rufe ta da zane. Aikin manyan cibiyoyin dashe ne, inda akwai bankin jini da ɗakin gwaji da ma'aikatan da suka ƙware. Kuma irin waɗannan cibiyoyi sun fara matsowa kusa. A 2011 Dakta Nosakhare Bazuaye da tawagarsa suka yi wa wani yaro ɗan shekara 7 dashen ɓargo a asibitin koyarwa na jami'ar Benin. Birnin Benin na jihar Edo a Najeriya nake nufi, ba Benin tamu ta ƙetaren gada ba. A 2023 asibitin Benjamin Mkapa da ke Dodoma a Tanzaniya ya fara yi wa yara masu emasi. A 2024 asibitin koyarwa na jami'ar Legas ya fara nasa tare da gidauniyar sikila ta Najeriya. Duk inda aka fara dashe, ciwon baƙo da mai gida zai biyo baya, kuma dole a tanadi abin tarbarsa. Abin da ya dace mu matsa a kai shi ne yarjejeniya tsakanin hukumomin lafiya, a rubuce, cewa yaron da aka yi wa dashe yana da likitan da ke bin sa a Yamai, yana da cibiyar da za ta karɓe shi in ciwon ya tashi, yana kuma da takardar da za ta ƙetarar da shi iyaka ko ana rigima ko ba a yi. Shanu ma suna da burtali.

Na san abin da wani zai rubuto a ƙasa: malam, muna fama da kuɗin ordonans, kai kana maganar hasken jini? Yana da gaskiya, har ma ya fi yadda yake zato. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a yankinmu yana ɗauke da rabin gadon emasi. Yaran da za su taɓa ganin ɗakin dashe ba su kai cikin cokali ba, don ko da kuɗi, damar kowane ɗan uwa na ciki ɗaya ya dace ɗaya ce cikin huɗu, kuma sai shi ma ba shi da cutar. Sabon maganin gyaran ƙwayar halitta da Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023 yana amfani da ɓargon mutum na kansa, babu baƙo balle faɗa, amma kuɗinsa dala miliyan 2.2 ne, fiye da sefa biliyan 1. Abin da zai ceci yawancin yaranmu mai araha ne: gwajin jini tun ana jariri, penisilin kullum, rigakafi, gidan sauro, da ƙwayar hidroksiyuriya. An gwada ta a kan yara kusan 600 a Angola da Kwango da Kenya da Yuganda, aka buga sakamakon a 2019: ciwo ya ragu, ƙarin jini ya ragu, zazzaɓin sauro da mutuwa ma sun ragu. A Kano, likitocin asibitin Malam Aminu Kano sun nuna amfaninta wajen kare yara daga shanyewar ɓarin jiki. Tun 2006 aka ce kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne a Nijar. Sai mu tambaya ko wannan ƙwaya tana cikin kyautar, kuma ko ana samun ta a Gaya ba sai an hau mota zuwa Yamai ba. Wannan faɗan da wancan ba kishiyoyi ba ne. Bankin jinin da zai ceci yaro mai emasi a daren da jininsa ya faɗi, shi ne dai zai cika na'urar haske.

Amma tunda mu ne masu tara kuɗin, akwai abin da ke hannunmu tun yau. Kafin ka tura saƙon neman taimako zuwa guruf goma, ka kira mai haɗa kuɗin, cikin ladabi, ka tambaye shi. Wa zai ba da ɓargon, ɗan uwa ne da ya dace sosai ko rabi? Wata nawa yaron zai zauna kusa da asibitin bayan dashe, an sa kuɗin haya da abinci a lissafi? In ciwon baƙo ya tashi kortizon ya gaza, asibitin yana haska jini, kuma yana cikin farashin da aka faɗa ko sai an sake biya? Magungunan da zai dawo da su, irin su siklosporin, na wata nawa ne, a ina za a riƙa auna yawansu a jininsa? Wane likita ne a gida ya karɓi takardunsa? Ba tonon asiri ba ne, kuma ba rashin yarda ba ne. Sau da yawa iyayen ma ba a faɗa musu ba, domin dillalan da ke haɗa mutane da asibitocin waje farashin shiga suke nunawa, shi ya fi daɗin ji. In amsoshin ba su fito ba, a ƙara adadin da ake nema, a ware kaso a ajiye da sunan bayan dawowa, kada a taɓa shi ranar walima. Gwamnati ma da ke biyan kuɗin fitar da wasu marasa lafiya waje, ya kamata ta riƙa faɗa mana nawa ne ke raye lafiya bayan shekara guda, ba nawa suka hau jirgi kawai ba.

Saura magana ɗaya, wadda ta shafi ƴan fada kai tsaye. Al'adarmu in ana neman jini, dangi ake kira: baba, kawu, yaya. Ga yaron da ake shirin yi wa dashe, likitoci suna guje wa jinin dangi, don yana iya sa jikinsa ya san irin jinin gidansu ya ƙi ɓargon ɗan uwansa in an zo dasawa. Bayan dashe kuma, jinin da za a ƙara masa sai an bi da shi ta wata na'urar ta kashe ƙarfin fararen ƙwayoyin ciki, in ba haka ba su ma suna iya far masa, kuma jinin dangi ya fi wannan haɗari. Ke nan wannan yaro jinin bare yake buƙata, wanda ya je ya bayar don Allah tun kafin a nema, aka gwada aka ajiye. Jaka ɗaya kimanin mililita 450 ce, ɗibarta ba ta wuce minti goma sha biyar, namiji mai lafiya yana iya bayarwa duk wata uku. Fada mai mutum goma sha biyu, in kowa ya je sau uku a shekara, jaka 36 ke nan.